Buzun Baba Zaidu

Dijatu ta cafke ɗan kwikwiyon ta fatar wuya, ta fizgo shi daga ƙarƙashin amalanke, ta nufi bayan garke da shi, cikinta na wata takwas yana rinjayarta. Da ta isa kusurwar sai ta yi turus. Wurin fes, an share har da yayyafa ruwa.

"Balkisa! Ina fatar da ke nan?"

Balkisa, matar ƙanin mijinta, ta ɗago daga kaskon ƙosai tana sharce gumi. "Wannan ruɓaɓɓiyar? Na cusa ta a wuta tun da safe. Baba na tafe, ya tarar da wari?"

"Wayyo Allah, Balkisa, kin kashe ni!"

Ai kuwa ta kashe ta. Duk dabarar Dijatu a kan wannan fatar take. Tun da ɓarayi suka tsallako katanga suka kwance mata raguna biyu, mijinta Lawali kuma yana can Abijan wurin nema, ta rasa barci. Rago ɗaya ya rage, wanda za a yanka ran sunan abin da ke cikinta. Shi ya sa ta karɓo kwikwiyo wurin wani makiyayi, yara suka sa masa suna Soja. Ɗan banza, kafin ya koyi haushi ya gama da tabarmin gidan kaf. Sai wata rana ya tsuguna kan wata tsohuwar fatar tunkiya da gara ta ci, washegari ya koma, jibi ma haka. Dijatu ta lura, ta riƙa jan fatar kaɗan-kaɗan har ta kai ta bayan garke. Tun daga nan inda fata take, nan Soja yake zuwa biyan bukatarsa.

Yau ga fata ta zama toka, kuma yau kasuwar garin nasu, Filinge, ke ci. Gidan ya cika da dangi daga ƙauyukan yankin Imanan, wannan ya ɗaure jaki, wancan ya jibge buhun gero, masu sayen ƙosai na shiga suna fita. Ga shi Baba Zaidu, surukinta, mai gidan kansa, ya taso daga garin Bonkuku inda yake zaune. Ya riga ya faɗa mata ta waya, shi kuwa ba ya magana biyu: "Ban hana ki tsaron dabbarki ba. Amma ranar da na iske ƙazantarshi inda mutane ke salla, ya bar gidan."

Ta dire Soja a kusurwar. Ya shinshina ƙasa, ya zagaya, ya dube ta, ya ƙi. Ta ɗaure shi da guntun igiya a turken ragon, ta koma ɗora tukunya, zuciyarta na can baya.

Baba ya iso gab da azahar, dogo, busasshe, buzunsa a naɗe a hammata. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai abu ya matso yake gani. Dijatu ta durƙusa da ƙyar ta gaishe shi.

"Tashi, tashi, ɗiyata. Ina jikin? Ina karen naki?"

"Yana ɗaure, Baba."

"To, madalla."

Ya sha fura, ya shimfiɗa buzun a gindin bishiyar bedi, ya shafa shi da tafin hannu. Kowa a gidan ya san buzun nan. Fatar ragon sunan Lawali ce, tsakiyarta ta yi sulɓi don yawan zama, kuma ko jikoki ba sa taka ta. Baba ya ɗauki buta ya zagaya.

Dijatu na kwashe tuwo ta ga abin ta gefen ido. Soja ne tafe, guntun igiyar da ya tattauna tana ja a ƙasa, hancinsa a ƙasa, yana sauri irin na wanda ya matsu. Ya tsallake tabarma biyu ko kallonsu bai yi ba. Ya tsaya a bakin buzun, ya kaɗa bindi don murna.

"Kai! Soja!"

Muryar ta maƙale cikin kukan jaki da cinikin ƙosai. Ta yunƙura, mara ta riƙe, ta dafa bango. Kafin ta kai, ya gama. Ya koma gefe ya zauna yana kallonta, yana jiran ɗan ƙosan da ta saba ba shi idan ya yi a inda ya dace.

Gashin buzun ya shanye fitsarin nan da nan. In ba ka sa hannu ba, ba za ka sani ba. Balkisa ta taho da gudu, ta sure kwikwiyon ta cusa shi ƙarƙashin kwando, ta danne da ƙafa.

"Ki yi shiru," ta ce ƙasa-ƙasa. "Can gefe ne, ba inda zai sa goshi ba. Da wannan ranar, kafin la'asar ya bushe. Ba wanda ya gani sai ni da ke."

"Balkisa, salla ce fa."

"Ragon fa? In ya kori karen, ɓarayi suka dawo, ni zan yi miki haushi?"

Tsoro ya cika Dijatu, na ɓarayi da na tsohon, har ba ta san wanda ya fi ba. Ga Baba ya fito, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya tuɓe takalmi, ya hau buzun, ya gyara tsayuwa ya fuskanci gabas. Ya fara tada iƙama a hankali. Ta dubi garke, ragon na tuƙa abinsa. Baba ya ɗaga hannuwa.

"Baba! Kar ka kabbara!"

Gidan ya yi tsit, har mai ƙidayar ƙosai ta tsaya. Baba ya sauke hannuwan, bai juyo ba.

"Mi ya faru?"

Ta zube a gwiwa. "Karen ne. Ya yi fitsari a buzun. Ni na saba masa da fata, bai san bambanci ba."

Baba ya sauka. Ya sunkuya ya laluba har yatsunsa suka taɓa danshin, ya daɗe a haka. Sai ya ce a ba shi ruwa. Ya wanke hannu da ƙafa, ya matsa can kan yashi ya yi sallarsa. Bai ci tuwon ba. Ya ɗauki sanda ya fita kasuwa, buzun na nan yashe, ba wanda ya iya taɓa shi.

Da yamma, ana ɗaure kaya a amalanken komawa Bonkuku, Dijatu ta jawo Soja da sabuwar igiya. Idonta ya kumbura. Ta durƙusa ta miƙa igiyar.

"Ga shi, Baba. In an kai rugar makiyaya a sauke shi. Buzun kuma zan wanke da sabulu in aiko."

Baba bai karɓi igiyar ba. "Ko kin wanke shi da ruwan rijiya guda, hancin karen zai gane. Na yi kiwo kafin a haife ki." Ya juya. "Ina wurin da kika saba mashi?"

Ta nuna. Ya ɗauki buzun da kansa, ya taka a hankali har bayan garke, ya shimfiɗa shi a kusurwar, ya shafa shi sau ɗaya kamar yadda ya saba. Sannan ya tsaya gaban ragon, ya laluba gadon bayansa, ya cusa yatsu cikin gashin.

"Ran suna, a gaya ma mahauci ya feɗe a hankali, kada ya huda. Fatar tawa ce." Ya kama gefen amalanke zai hau. "Sai ki faɗa ma karen naki ya tsare mini ita."