Sanduna Uku na Miss Odile

Ni na fara gani. Yanzu in ka bi gaɓar nan tamu kana tambaya, kowa zai ce maka ai shi ma ya lura, har Alcide Verdin da ya yi mini dariya a ranar. Ƙarya suke yi. Masu karatu biyu ne a ofishin, ga kwamfuta ta uku, amma ni Ovide Pitre, da ban taɓa shiga aji ba sai ranar da ambaliya ta kore mu muka kwana a makaranta, ni na gani.

Shekarata saba'in da takwas. Guguwa shida ta ratsa kudancin Louisiana ina nan da raina. Ta ɗauke mini gida sau biyu, ta ɗauke mini haƙoran gaba sau ɗaya, ni dai ta kasa. Mafi munin su ita ce wadda ta same mu a teku ni da marigayi Wilfred Billiot, cikin jirginsa na kamun jatan lande da ya sa wa sunan matarsa, Miss Odile. Jirgin ya tafi ƙasa kamar an jefa guduma. Kwana biyu muka yi manne da murfin akwatin ƙanƙara, Wilfred yana addu'a, ni ina ba shi labari don kada barci ya ɗauke shi. Da aka tsamo mu, shi aka kai asibiti. Ni kofi na ce a ba ni.

Da Wilfred ya sami sabon jirgi, ni na rubuta masa sunan da fenti, na ƙara sanduna biyu a ƙarshe, wato Miss Odile ta biyu. Wannan tsufa ne ya kashe ta. Ta ukun tana hannun 'yarsa Therese, kuma ni ɗin dai na ja mata sandunanta uku. Za ka ce yaya wanda bai iya karatu ba yake rubutu? Ka kawo mini sunan a takarda, in dube shi yadda ake duban fuskar mutum, in zana shi a bayan jirgi. Shekara hamsin ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa dawo mini da jirgi. Ban san yadda haruffa suke kuka ba, amma na san tsayuwar kowanne.

Yanzu da kafaɗa ta hana ni hawa tsani, a ofishin ƙungiyar masunta nake yini. Ina dafa kofi, ina share ƙasa, ina gyara wa mutane kuskure ko ba su nema ba. Mai riƙe da ofishin ita ce Marlene Dardar, matar kirki, sai dai aure ne ya kawo ta daga arewacin jiha shekara uku da suka wuce. Ta san takardun jirage, ba ta san jiragen ba.

Ranar Juma'a ce, ana buɗe kamun jatan lande ranar Litinin. Takardun izinin jirage tamanin da huɗu ne za a aika ofishin jiha ta kwamfuta kafin ƙarfe huɗu. Duk jirgin da takardarsa ba ta shiga daidai ba, a ɗaure zai zauna kwana goma ko fiye kafin a sake dubawa, kuma duk mai hankali ya san kwanakin farkon nan su ne shekarar masunci. Marlene ta riga ta ɗauki hoton kowace takarda, ta sa wa kowane fayil sunan jirginsa. Matsalar ita ce na'urar ɗaukar hoton tana da wata ɗabi'a ta liƙa wa kowane suna wutsiya, ɗan layi da lamba uku. Na'urar jiha kuwa sunan fayil take karantawa, kuma sunan jirgi zalla take so.

Da safe ta fara yanke wutsiyoyin da hannu, ɗaya bayan ɗaya, tana gunaguni. Waya ta yi ƙara, mai motar ƙanƙara ya zo, wani ya shigo neman makullin banɗaki. Har tsakar rana kaɗan ta gyara. Na ce mata da aikin wuƙa ne da tuni na gama. Ta ce, Kawu Ovide, ka taimake ni da shiru.

Tana cin wake da shinkafa a kan teburinta ta kira ƙanwarta mai aikin ofis a birni, ita kuwa ta koya mata dabarar. Ashe akwai yadda za ka tara fayiloli duka, ka gaya wa kwamfuta harafi nawa za ta cire daga ƙarshen kowane suna, ka danna sau ɗaya. Marlene ta ƙirga wutsiyar ta ce huɗu. Ta danna. Kafin in kai kofi bakina an yi wa jirage tamanin da huɗu aski. Ta juya da kujerarta sau biyu don murna, ta ce yau da wuri za ta koma gida.

A nan Alcide ya shigo. Shi ne shugaban ƙungiya, ya yi shekara biyu a kwaleji, kuma shekara arba'in ke nan yana tuna mana. Ya leƙa fuskar kwamfutar yana neman nasa jirgin, wanda saboda kunya ya sa wa suna Big Alcide. Sai ya tarar da Big Al. Ya tambaya wa ya cinye masa rabin suna.

Marlene ta dafe kai. Waɗanda ta gyara da hannu da safe ai ba su da wutsiya, ita kuwa kwamfuta ba ta tambaya, an ce ta yanke huɗu ta yanke huɗu, ta shiga cikin naman sunan. Ta bi jerin tana karanto mana muna dariya. Lady Bernadette ta koma Lady Bernad. Captain Toby ya zama Captain kawai, na ce ai gara haka, Toby bai taɓa amfanar kowa ba. Guda shida ta samu masu gundumi, ta mayar musu da haruffansu. Sannan ta buga jerin a takarda don Alcide ya sa hannu, ta ɗora kofinta a kai.

Kofin na zo ɗauka. Ƙarfe uku da rabi ta wuce. Na ɗaga shi, idona ya sauka kan takardar, sai na ga mutanena a jere, duk waɗanda na zana da hannuna. Ina bin su ɗaya ɗaya kamar ina gaisawa da su, har na zo kan wata fuska na tsaya cak. Babban harafi mai tsauni biyu a farko, ƙwai a tsakiya, sannan ba komai a baya. Rabona da ganin sunan nan tsirara haka tun ranar da na gan shi yana nutsewa.

Na ce, “'Yata, kada ki aika. Wannan jirgin yana ƙarƙashin teku.”

Marlene ta duba inda yatsana yake ta ce Miss Odile ce, jirgin Therese, ga shi can a ɗaure ana loda masa ƙanƙara. Na ce wanda ake loda wa ƙanƙara yana da sanduna uku. Wannan marar sanda a littafin jiha an rubuta ya nutse tun kafin a yaye Marlene. In aka aika haka, na'urar can za ta ce matacce ne ke neman izini, ta ture takardar gefe.

Alcide ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Tsoho, yaushe ka fara karatu ba a gayyace mu biki ba?”

Na ce, “Ranar da ka fara kamun kifi, mu ma ba a gayyace mu ba.”

Ya ce kowa a garin nan Miss Odile yake ce wa jirgin, sunan ya fito cif, ba gundumi ba komai, lokaci kuma yana tafiya. Ya ce wa Marlene ta aika. Na ga hannunta ya nufi linzamin kwamfutar. Ba na taɓa mace, ba na taɓa na'ura, saboda haka na cire hulata na kife a kan linzamin. Hular nan ta shekara goma sha biyu tana shan gumi da man jirgi. Marlene ta janye hannu da sauri.

Na tambaye ta guda nawa ta gyara da safe. Ta ce shida. Ta sake duban jerin. Ta ce ko bakwai.

Sai Alcide ya kawo hujjarsa ta 'yan kwaleji, yana ƙirgawa da yatsu don in gane. Ya ce wuƙar huɗu take yanka, sandunan kuwa uku ne. Da a ce wannan fayil na cikin waɗanda aka yi wa aski sau biyu, da wuƙar ta cinye sanduna uku ta haɗa da harafin ƙarshe na Odile. Ga shi kuwa Odile lafiya lau. Saboda haka tun farko haka sunan yake, tsoho ya ɗauke hularsa mutane su yi aiki.

Na bar shi ya gama, don ina son in ji daɗin abin sosai.

Na ce, “Alcide, ka taɓa riƙe buroshi? Tsakanin suna da sanduna me ke akwai?”

Ya ce ba komai.

Na ce, “To wannan ba komai ɗin, ni faɗin tafin hannu nake auna masa a bayan jirgi. In ban bar masa wuri ba suna ba ya zama. Tazara ma wuri take ci. Sanduna uku, tazara ɗaya. Ƙirga, kai ne ka yi kwaleji.”

Marlene ta gyara zama. Ta ɗauki fensir ta ɗage hulata da bakinsa, ta buɗe fayil ɗin. Hoton takardar ya fito, sunan jirgi a sama da hatimi a gefe. Ko ni daga inda nake tsaye na hango su, guda uku, a miƙe kamar turakun tashar jirage. Ta sauke numfashi ta ce, Kawu Ovide, ashe bakwai ne. Alcide ya ce dama shi ma abin ya ɗan tsaya masa a rai. Daga nan ƙaryar ta fara, kuma har yau ba ta tsaya ba.

Saura minti goma sha biyu. Marlene ta kai hannu za ta gyara, sai ta fasa, ta tashi daga kujera ta ce in zauna. Ta ce tunda ni na ja su da fenti, ni zan ja su a nan ma. Alcide ya ce za mu makara saboda wasa. Ta ce masa ya je ya dubo ko Big Al yana nan lafiya.

Ta nuna mini dogon madanni na ƙasa, ta ce wannan ne tazarata. Na danna. Ta nuna mini na sanda. To ni hannuna ya saba da jan igiya, ba wanda ya ce mini abin ba ya son nauyi. Na ɗora yatsa na danne, sai sanduna suka ɓalle da gudu, suka cika layin kamar shingen gona. Marlene ta yi dariya har hawaye, ta ce na ba Therese jirage talatin. Na ce ai ta cancanta. Ta goge, ta ce in taɓa kamar ina taɓa jariri. Ɗaya. Biyu. Uku. Na ɗan ja baya na karkata kai na duba yadda nake duba aikina a bayan jirgi. Sun tsaya daidai, ko da yake nawa na fenti sun fi su kyau.

Saura minti bakwai ta aika. Tamanin da huɗu suka shiga, ba wanda ya dawo.

Ranar Litinin da sassafe ina kan gadar katako lokacin da jirage suka fara fita. Miss Odile ta uku ta wuce ta gabana, Therese na riƙe da sitiyari, ta ɗago mini yatsu uku. Da yamma ta aiko mini da kwando guda na manyan jatan lande, ta ce na tazara ne. Na raba wa Marlene rabi. Alcide na aika masa da guda huɗu a faranti, na sa an cire musu wutsiya.

Tun daga ranar Marlene ba ta yi wa fayiloli askin gayya sai ta ware waɗanda aka riga aka gyara, kuma sai ta buga jerin ta miƙo mini. Takan ce, Kawu, duba mini fuskokin mutanenka. Ni kuma in zauna in sa tabarau, ko da yake ba ya ƙara mini komai, don dai Alcide ya gani.

Wanda yake ganin tsoho ya ƙara gishiri, hanyar tashar jirage ba a rufe take ba. Ya zo ya tsaya a bayan jirgin Therese, ya ɗora tafin hannunsa tsakanin suna da sanduna. In bai shiga cif ba, in zauna a gaban kowa in cinye hular nan tawa, ba ruwa ba miya.