Ranar da Uwar Biyu Ba Ta Ɗaga Waya Ba

"Sake faɗa," in ji Baba Heluma daga kan gado. "Ki ɗauka ni ne Dogon. Ga ni na shigo ina huci."

Uwar Biyu ta miƙe daga kujera, ta zauna, ta sake miƙewa. Takardun horon da ke hannunta duk sun yi laushi don murza.

"Dogo, na ga ranka a ɓace yake. Zauna mu yi magana."

"Da wannan muryar? Kamar mai kiran kaji? Ko ni da nake kwance ba zan saurare ki ba."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Auta, 'yarsa mai jinyarsa, ta shigo da sauri ta gyara masa matashi.

Shekara tara ke nan bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da na Uwar Biyu. Ya yi shekara talatin yana shugabancin leburori a masana'antar ƙarfe, har sunan heluma ya bi shi gida. Yanzu zuciya ta gaza, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce a mayar da shi gida ya huta.

Ita kuwa Uwar Biyu ita ce shugabar sashen ɗinki a wani kamfanin tufafi. Makon jiya Dogo mai yankan yadi ya wurga wa wani tela almakashi. Allah ya sa ya kuskure, almakashin ya kafe a allon sanarwa. Kamfani ya dakatar da Dogo, ya tura shugabannin sassa horon kwana uku kan yadda ake hana rikici a wurin aiki. Gobe Dogo zai dawo, ita za ta zauna da shi, kuma abin da ta rubuta ne zai sa a bar shi ko a kore shi. Kwana uku ke nan ko abinci ba ta iya ci a zaune.

"To me kuma suka koya muku?" Baba ya tambaya.

"Sun ce a lura tun abu yana ƙarami. Tsokana, zagi, mutum ya daina magana da kowa. Sun ce kada ka ɗaga murya. Kada kuma ka tsaya tsakanin mai fushi da ƙofa, ka bar masa hanyar fita."

Yatsun Baba suka shiga tattara bakin zanin gado suna saki.

"Auta, je ki duba min ruwan zafin nan."

Da ta fita, ya ce, "Ni a bakin ƙofar na tsaya."

"Wace ƙofa, Baba?"

"Akwai wani mai walda a ƙarƙashina. Wata biyu ana tsokanarsa, har da ni ake dariya. Ranar da ya kai maƙura ya nufi waje, so yake ya fita kawai. Na tare hanya, na ce ba inda za ka sai ka gama aikina. Ya juya, ya ɗauki rodi, ya sauke wa na kusa da shi. Mutumin bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Mai waldan aka ɗaure. Ni kuma aka yaba min, wai na yi jarumta. Ko uwar su Auta ban taɓa faɗa wa ba."

Uwar Biyu ta rasa inda za ta sa idonta.

"Baba, ai ba ka sani ba a lokacin."

"Ke dai kin sani yanzu. Je ki, 'yan biyunki sun dawo makaranta, ina jin ɓarnarsu ta bango."

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta ja teburin ofis gefe, ta sa kujerar Dogo kusa da ƙofa, ta bar ƙofar a buɗe. Ta roƙi mai gadi ya tsaya a baranda inda ba za a gan shi ba. Sau uku tana canza wa kujerun wuri.

Dogo ya shigo, ya ƙi zama. Jijiyar wuyansa a tashe take.

"In ko-korata za ku yi, ku fa-faɗa min kawai."

Tana buɗe baki wayarta ta fara rawa a aljihu. Ta leƙa: Auta. Ta dubi Dogo, ta ga idonsa a kan hannunta, yana jira ya ga ko za ta juya masa baya. Ta mayar da wayar.

"Ban kira ka don kora ba. Abin da ka yi babba ne, kuma zan rubuta shi yadda ya faru. Amma ina so in ji abin da ya kai ka."

Wayar ta sake rawa. Ta danne ta da tafin hannu.

Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a bakin kujerar. Magana ta riƙa fitowa guntu-guntu. Tun da ya fara aiki teloli ke kwaikwayon i'inarsa. Har waƙa suka yi masa, suna buga tebur.

"Ke ma kin ji, Shugaba. Ki-kin wuce kina murmushi."

Kunya ta rufe ta, don ta tuna ranar.

"Na yi, Dogo. Ban kyauta ba. Wannan ma zan rubuta."

Sun fi awa guda. Suka tsaya a kan zai ba telan haƙuri a gabanta, zai ga mai ba da shawara na kamfani, ita kuma za ta tara sashen gaba ɗaya kan tsokanar. Da ya fita, ta ciro wayar. Kira bakwai, duk na Auta. Ta bi kiran.

"Yaya," in ji Auta, muryarta a dishe, "Baba ya cika. Da safe yana ta tambaya ko kin shiga wurin mutumin. Na ce kin shiga. Ya ce to a ƙyale ki. Ni ce na kasa daina kira."

Uwar Biyu ba ta san yadda ta sauko daga bene ba. A cikin mota ta riƙa buga gwiwa da yatsu, kowace tsayawa tana ji kamar ta sauka ta ƙarasa da gudu.

Takalma sun cika ƙofar gidan. Ta kutsa cikin mata, ta rungume Auta, suka yi kuka har suka gaji. Babu wanda ya tambaye ta yadda zaman ya ƙare.

Da la'asar, bayan an fita da gawar Baba, ta taya Auta fitar da katifarsa tsakar gida. Suka jingina ta da bango. Rana ta sauka a kanta, ga lotsawar da kafaɗarsa ta yi a tsakiya, ba ta ko fara tashi ba.