Kazar da Ta Yi Kwanci a Goran Su

Tudun Masu gari ne da ruwa ke yi wa zobe. Da damina kogi kan cika ya rufe fadama, garin ya zama tsibiri, ba shiga ba fita sai a kwale-kwale. Sai ɗari ya shigo ruwa ke janyewa ya bar tafkuna cike da kifi, kuma a lokacin ne garin ke farkawa. Maza na ɗinkin koma, mata na tara itacen banda, hayaƙi na tashi a kowane gida. Mutanen tudu su ƙudundune cikin bargo, mutanen Tudun Masu kuwa su tuɓe riga su faɗa ruwa.

Inna Lauratu ta san wannan aiki tun tana amarya. Mijinta, Baba Arzika, ya kama, ita ta fere, ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta jera a kan wuta. Bana kam ba ta ƙaunar jin ko sunan su, wato kamun kifi, saboda tarin da ya kama tsohon tun tsakiyar damina ya ƙi sakinsa. Ɗansu na fari, Muhyiddeen, wanda ya samu aikin masinja a Dutse bayan an ba da sabuwar jiha, shi ya zo ya tafi da shi asibiti. Likita ya duba ƙirjin, ya ce ruwan sanyi ya ƙare masa, in dai yana son ganin baɗi. Baba Arzika ya ce to. Irin to ɗin nan tasa ce, wadda Lauratu ta san ba ta wuce leɓe.

Da Sarkin Ruwa ya sa aka yi shelar za a buɗe babban tafki ranar Asabar, sai ta ga maigidan ya fito da komarsa yana dubawa, yana tari yana ɓoyewa cikin hannun riga. Gardama da Arzika ɓata yawu ne. Ta sauko da goran su ɗinsa, ƙaton goran nan da yake kifa ciki a kai ya yi iyo yana zuba kifi a ciki. Bakin goran ya yi faɗi tun shekarar da ya tsage gyartai ya ɗinke. Ta shimfiɗa ƙaiƙayi a ciki, ta kwaso ƙwayayen wake-waken kazarta daga akurki ta jera, ta kamo kazar ta tura. Kaza ta yi ƙorafi kaɗan, ta gyara zama.

Washegari Baba Arzika ya miƙa hannu zai ɗauki gora, aka sakar masa sara a yatsa. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Laure, yaushe kazarki ta koyi su?"

"Ni ma haka na gan ta, Malam. Ka san kaza da neman wuri mai ɗumi. Kuma ba a tashin mai kwanci, alhaki ne."

"Kifi na ganinki, mai jar koma," in ji shi. Ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari har sai da ya dafa bango.

Ta ɗauka ta ci nasara. Ashe tsohon ya zagaya gidan Sale, maƙwabcinsu, ya aro wani goran. Ranar Asabar da hantsi ta gan shi ya saɓa koma zai fita, ƙafafunsa sirara kamar karan dawa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa.

"Malam, me zan ce wa na Dutse?" Ba ta faɗin sunan ɗan fari.

"Ki ce masa ubansa bai mutu ba tukuna. Ko so kike matan gari su yi banda, ke ki zauna kina kallon hayaƙinsu?"

Ya fita. Ta tsaya tsakar gida tana huci, ta rantse ba za ta bi shi ba. Rantsuwar ba ta kai ƙofar gida ba. Ta dama kunu, ta ɗauki ƙunshin itace da man kaɗanya, ta bi sahun mata, don haka ake yi: kowace mace takan hura wuta a gaɓa, ta jira nata ya fito yana karkarwa.

Tafki ya cika da mutane. Ruwan ya yi shiru, wani farin tururi na kwance a kansa, sanyi na cizon kunne. Makaɗa suka saki ganga, Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu, samari suka ruga da ihu, ruwa ya hautsine. Baba Arzika ya tuɓe rigarsa a hankali. Lauratu ta ga haƙarƙarinsa a fili, ta ga yadda ya ja numfashi da ruwan ya taɓa masa gwiwa. Ya kifa ciki a kan goran aro, ya tura.

Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarta. Ta ajiye ƙwaryar kunu, ta ɗaure zane tamau, ta taka cikin ruwa. Sanyin ya soke ta har ƙashi. Ta ci gaba, taɓo na riƙe mata ƙafa, ruwa ya kai cinya, ya kai ƙugu. Ita da aka haifa a tudu, ba ta taɓa koyon iyo ba, duk garin kuma ya sani.

"Inna Laure! Inna, dawo!" Mata suka ɗauki salati.

Arzika ya waiga. Ya ga matarsa tsamo-tsamo, ruwa a ƙirjinta, haƙoranta na haɗuwa.

"Ke! Kin haukace ne?"

"In ruwan nan zai ci mutum, ya ci mu tare," ta ce. "Na gaji da tsayuwa a gaɓa."

Ya saki koma, ya saki gora. Bai san sa'ad da ya iso gare ta ba. Ya kama hannunta ya ja ta waje, yana faɗa yana tari, yana ce wa jama'a su ba da hanya, tsohuwa ba ta jure sanyi. Aka yi dariya, wasu matan na share ido da bakin mayafi. Sale ya bi goransa ya kamo.

A bakin wutar da ta hura dominsa ya zaunar da ita. Ya lulluɓa mata rigarsa, ya ƙara itace, ya miƙa mata kunun da ta dama masa. Sannan ya durƙusa a gaban idon gari, ya lakato man kaɗanya yana murza mata ƙafafu, a hankali, yadda ta saba yi masa. Can cikin tafki ana ta ihu, wani ya ɗaga ƙatuwar tarwaɗa sama. Arzika ko waiwaye bai yi ba.

Da ya buɗe baki, ƙasa-ƙasa ya yi, don kada matan kusa su ji.

"Da na hango ki a ciki, zuciyata ta tsaya cak. Laure, ashe haka ake ji daga nan?"

"Haka ake ji, Malam."

"Kowace shekara?"

"Kowace shekara."

Ya sunkuyar da kai. Ya jawo ɗaya ƙafar ya ɗora a cinyarsa, ya ci gaba da murzawa.