Rijiyar Rumawa a Gonarmu

Surukina bai taɓa nome tsakiyar gonarmu ba, ya ce haka ya gada. Da ya rasu, mijina Neville ya ce camfi ne, ya sa tarakta a wurin.

Na kawo masa shayi ke nan, sai na ga ƙasa ta haɗiye tayar baya.

"Maureen, me ke ƙarƙashina?"

Na leƙa. Rami ne mai ginin dutse, ba a ganin ƙarshensa.

"Kar ka motsa."

Da igiya maƙwabta suka zaro shi. Masu tonon tarihi suka ce rijiyar wani ƙauye ce na zamanin tsohuwar daular Rumawa, kuma ba ita kaɗai ba ce. Ba su gano sauran ba. Neville yana can yana noma.