Matashin Bayan Hashimu

Su uku ne a ɗaki ɗaya a unguwar Utaiƙa, cikin birnin Riyad na Saudiyya: Hashimu direba, da matarsa Hamsatu, da 'yarsu Rufaida, wadda aka haifa a Riyad, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne damar yin rashin lafiya. Zamansu duka ya rataya ne a kan iƙamar Hashimu, wato takardarsa ta izinin zama a ƙasar, ita kuwa iƙamar tana hannun kafil, maigidan da yake yi wa tuƙi a unguwar Nasiriya. Isiyaku, wanda ya riga shi a aikin, da aka ji yana da hawan jini, sai takardar komawa gida aka miƙa masa.

Tun bayan yaƙin Kuwait ƙugun Hashimu ke ciwo. Hamsatu ta yanka tsohon zanenta na atamfa, ta cusa auduga da guntayen soso, ta ɗinka masa matashi daidai kwarin bayansa. Da shi yake iya wuni a kan sitiyari. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Wata Alhamis, ranar da babu makaranta, matar kafil, Ummu Fu'ad, ta so zuwa kasuwar Dira sayen sababbin matasai na ɗakin baƙi. 'Ya'yanta ba sa nan, ita kuma ba ta shiga mota daga ita sai namijin da ba muharraminta ba. Sai ta ce Hashimu ya zo da 'yarsa.

Hamsatu ta gyara wa Rufaida mayafi, ta ce, "Ki gaishe ta da kyau. In ta tambaye ki, ki ba ta amsa."

A kasuwa Rufaida ta riƙe mata jaka, ta taya ta zaɓen launi. Matar ta yi ta dariya a bayan niƙabi. "Masha Allah! Wannan ai 'yar ƙasarmu ce, 'yar Najad. Hashim, ta fi ka baki nesa ba kusa ba." Rufaida ta ji kamar ta tashi sama.

Aka jibge matasan karammiski a gefen mota, jajaye masu geza. Hashimu ya fito zai loda, ya bar ƙofarsa a buɗe. Nan idon matar ya sauka a kan kujerarsa.

"Wannan tsumman fa? A motarmu?"

Hashimu ya buɗe baki yana laluben kalma. Rufaida ta ga Larabcin mahaifinta ya maƙale kamar kullum, sai ta taimake shi.

"Ba tsumma ba ne, ya Khala. Mama ce ta ɗinka. Bayan Baba ne ke ciwo sosai. In ba shi, ba ya iya tuƙi. Wani lokaci ma a zaune yake salla."

Ta faɗe shi tsaf, ba tuntuɓe ko ɗaya, ta tsaya jiran yabo.

Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Haka ne, Hashim? Kuma kai ke kai yarana makaranta?"

Hashimu ya yi wata dariya da Rufaida ba ta san shi da ita ba. "Surutun yara, ya Madam! Ita ke wasa da shi, ta manta a mota." Ya fizgo matashin, ya wurga shi cikin kwandon shara, kan ɓawon lemo. Sannan ya sunkuya ya rungumi matasan karammiskin gaba ɗaya, ya miƙe tsaye cak. Rufaida kaɗai ta ga yadda ya cije leɓe.

Har Nasiriya a miƙe ya yi tuƙi, bayansa bai taɓa kujera ba. Sanyin motar bai hana gumi jiƙa wuyan rigarsa ba. A bayansu matasai sun cika mota har rufi.

Da za ta sauka, matar ta ba Rufaida alewa, ta ce wa Hashimu, "Za mu gani."

A gida, sai da ya dafa bango ya iya zama. Hamsatu ta dube shi, ta dubi hannunsa.

"Malam, ina matashin?"

"Ya ɓata a kasuwa."

"To, akwai sauran zanen. Kafin Asabar na ɗinka wani."

"Bari, Hamsatu. Daga yau idon Madam na kan kujerar motar nan."

Rufaida na tsaye a bakin ƙofa, alewar ta narke a tafin hannunta. Ta ce da Hausarta mai rauni, "Baba, gaskiya na faɗa."

Ya jawo ta, ya shafa kanta. "Gaskiya kika faɗa, uwata. Kuma Larabcinki ya yi kyau."

Bai yi mata faɗa ba, ranar ko bayanta. Amma ta gane cewa a garin nan babanta na iya yin ciwo, muddin ba a gani ba, kuma ita ce ta raba shi da abu ɗaya da ke rage masa shi.