Barewar Sanpei

A shekarar da yaƙi ya yi tsanani, hukuma ta ce duk mai tagulla ya kawo a narkar a yi makamai. Tokujiro, wanda ya tsufa yana zubin dabbobin tagulla a garin Takaoka, shi aka sa ya riƙa farfasa abin da aka tara kafin a zuba a wuta. Tare suke aikin da Heisaku, abokinsa tun suna koyon sana'a.

Wata safiya amalanke ya sauke kaya daga wani gidan bauta. Cikin ƙararrawa da fitilu sai ga barewar tagulla kwance, ta waiwayo da kai kamar ta ji motsi. Tokujiro ya tsaya cak. Shi ya zuba ta, amma ƙaninsa Sanpei ne ya bi ta da kurfi, ɗan ƙarfen sassaƙa, ya fitar da gashin jikinta, sili-sili, damina guda. Sanpei bai sake wani aiki ba, ciwon ƙirji ya tafi da shi.

Heisaku ma ya gane ta. Ya matso, ya rage murya.

"Toku, mu tura ta ƙarƙashin gawayi. Wa zai sani? Mai duba mu ɗin nan ko akuya da barewa ba ya bambancewa."

"Jiya matar mai awara ta kawo tukunyarta," in ji Tokujiro. "Ita ke nan gare ta. Ni na fasa, tana tsaye tana kallo."

"Tukunya daban, wannan daban."

"Je ka faɗa mata haka."

"Kai dai taurin kanka ya fi na tagullar. To kawo gudumar, ni in yi. Ka fita ka sha iska."

Tokujiro ya girgiza kai. Ya durƙusa, ya goge mata ƙura da hannun rigarsa, ya bi bayanta da yatsa a hankali, tun daga wuya har wutsiya, yana jin sawun kurfin ƙaninsa. Ya san inda zubin ya fi kauri da inda ya fi sirantaka, don haka bai wahalar da ita ba. Heisaku ya juya baya har aka gama.

Da rana Tokujiro bai taɓa shinkafarsa ba. Heisaku ya zauna kusa da shi, shi ma bai buɗe tasa ba.

Bayan yaƙi Tokujiro ya koma zubi, ya yi kunkuru da zomaye da zalɓe. Da masu gidan bautar suka zo neman wata barewar, ya ba su shayi, ya ba su haƙuri, ya kwatanta musu maƙerar wani a unguwar gaba.