Buhun Ganyen Abdulmumini

Ranar da aka ce min mota ta buge mijina Abdulmumini a hanyar Tiga, wanda ya kawo labarin har da buhun ganye ya shigo. Ya ce a bayan babur ɗin mijina aka same shi, ko yagewa bai yi ba. Na yi salati, na karɓa, domin tun safe tsutsotsin ba su ci komai ba.

Tsutsar siliki ce. Malaman gona ne suka ba Abdulmumini ƙwanta. Ba ta cin komai sai ganyen wani itace, malberi, shi kuma a lambunsa na Tiga kaɗai yake. Muna Kiru. Tsutsar nan ba ta neman abinci. Ko ganye na gefen faifai, in ba a ɗora mata ba, nan za ta ɗaga kai ta jira har ta mutu.

Mata na shigowa gaisuwa, ina amsawa ina yanka ganye. Wata ta tambaya ko ruwa ake yi, ƙarar cin tsutsotsin ce ta ji.

Bayan sadakar uku ƙaninsa Ɗahiru ya leƙo.

"Yaya, kina takaba, wa zai riƙa zuwa Tiga saboda tsutsa? Ni dai ba ni ba. Da can a bishiyar tsamiya kakanninmu ke samun zare. A mayar da su can."

"Waɗannan ba su san bishiya ba."

"Yunwa za ta koya musu."

Ya kwashe su ya jera a reshen tsamiyar ƙofar gida. Inda ya ajiye su nan suka zauna. Kafin la'asar tsuntsaye sun gama.

Faifai ɗaya na tura ƙarƙashin gado, bai gani ba. Na riƙa yayyafa wa ganyen buhu ruwa, ina ba su kaɗan-kaɗan. Ya ƙare daidai lokacin da suka fara naɗe kansu da zare. Rassan malberin da suka rage a buhun na soka su bakin makwararar wanka.

Da suka fito da fukafukai, farare, na buɗe taga. Ba wanda ya tashi. Ba sa iya tashi, ba su ma da bakin cin abinci. Suka yi ƙwai a kan zanena, suka mutu.

Rassa biyu suka kama. Kafin ƙwan ya ƙyanƙyashe sun yi ganye.

Ɗahiru ya ce ni da tsutsar nan duk ba ma fita. Ban musa ba. Kullum da safe, kafin in dama koko, sai na tsinko ganye na goge raɓar da gefen zane, don Abdulmumini ya ce jiƙaƙƙe yana sa musu ciwo.